Sharhi Kan Aikin Wani Gidan Magina a Zariya: Ginin Ƙasa da Tsara Farfajiya

A Zariya da kewayenta har yanzu akwai gidajen da gini ne sana'arsu ta gado, sai dai yawancinsu sun daɗe da ajiye tubali sun koma bulo da siminti, domin can kasuwa ta karkata. Gidan da wannan sharhi ya shafa yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe ginin ƙasa, suka kuma haɗa shi da wani aiki da iyayensu ba su ɗauka sana'a ba, wato tsara farfajiya: inda ruwan sama zai bi, inda zai tsaya ya nutse, da irin itacen da ya dace da kowace kusurwa. Ba su da ofis, ba su da allon talla, ana samunsu ne ta bakin wanda suka taɓa yi wa aiki. Sun gina mana zaure da ɗakunan baƙi biyu a bayan gari, suka tsara filin da ke kewaye da su, kuma ginin ya sha damina ya sha rani har ya kai a faɗi abin da aka gani a kansa.

Aikin a rabe yake tsakanin mutum uku. Dattijon gidan, wanda kowa a wurin aiki ke kira Baba, shi ne mai ƙasa da rufi, kuma ba a ɗora azara ko ɗaya sai ya duba ta. Babban ɗansa ya yi karatun zanen gine-gine, shi ke awo da zane da lissafin kaya. Ƙanwarsa, wadda ta karanci aikin gona, ita ke renon tsirrai a bayan gidansu, ita ke yanke shawarar abin da za a dasa da lokacin dasa shi. Leburorin kuwa yawanci 'ya'yan 'yan'uwa ne da almajiran sana'a da suka tashi a hannun dattijon.

Abu na farko da ya nuna mini cewa na faɗa hannun masu sani shi ne yadda suka ƙi fara komai sai da suka san ƙasar. Sun haƙa ramuka a wurare daban-daban na filin, Baba ya jiƙa ƙasar kowane rami ya murza ta a tafin hannu, ya dunƙula ya shanya, ya dawo ya ga wadda ta tsage da wadda ta ruguje. Ƙasar da yumɓu ya yi wa yawa tana tsagewa idan ta bushe, wadda yashi ya rinjaya kuma ba ta kamawa, don haka sai da suka gauraya jar ƙasar filin da wadda aka kawo daga wani kududdufi kafin ya gamsu. Aka zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, aka tattake ta da ƙafa, aka bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan aka dunƙula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka jera shi a rana. Da shi aka tayar da zauren, bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa, kamar yadda ake gani a tsofaffin gidajen cikin birni.

Rufin zauren shi ne inda gwanintar dattijon ta fito fili. Ya yi masa bakan gizo biyu, wato lanƙwasassun ginshiƙai masu ɗauke da rufi, da suka gitta juna suka haɗu a tsakiya, irin ɗaurin da magina ke kira ɗaurin guga, ta hanyar jera azara daki-daki daga cikin bango tana leƙowa ciki har ta haɗe a sama. Dalilin wannan wahala shi ne azara, wadda ake tsagowa daga gangar giginya kuma gara ba ta cika cinta ba, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, don haka wanda ke son ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba dole ya nemi bakan gizo. Wannan ilimi ne ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, wanda aka yi kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Zaurenmu ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta, amma hannun da ya ɗaure shi daga wannan makaranta ya fito, kuma abin takaici ne ganin yadda masu iya wannan ɗauri suke ƙarewa ba tare da an damu ba.

Ba su tsaya ga gargajiya ido rufe ba, kuma wannan ya ƙara mini yarda da su. Babban abin da ke kayar da ginin ƙasa shi ne ruwan da ke cin gindin bango, don haka sun yi harsashi na dutse da siminti, suka ɗaga shi sama da ƙasa da kyau, suka shimfiɗa abin da zai hana danshi hawa kafin su ɗora tubalin farko. Ɗakunan baƙin kuma ba da tubali aka yi su ba. Ɗan ya kawo injin hannu mai matse ƙasa ya fitar da bulo mai kusurwa, wanda ake sa wa siminti kaɗan, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a rufe shi a riƙa yayyafa masa ruwa na wasu makonni kafin a yi gini da shi. Irin wannan bulo ne Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka yi amfani da shi a sabon masallacin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, wanda aka kammala a 2018. A saman ɗakunan sun sa kwano mai doguwar baki da ke kare bango daga feshin ruwa, suka bar sarari tsakaninsa da silin domin iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi. Hujjarsu ita ce giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada, kuma bai dace a sare itacen da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya girma don rufin kowane ɗaki ba. Na ga gaskiyarsu.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin bulon siminti ke zama wurin da ba a iya zama da rana, zauren yana da sanyi har bayan la'asar, domin bango mai kauri yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin zafin waje ya ratsa shi. Da hunturu kuma yana riƙe ɗumi cikin dare. Amma ya kamata mai sha'awa ya san cewa zafin da bango ya sha da rana yana sakinsa da daddare, saboda haka a tsakiyar bazara dole a buɗe tagogi bayan isha'i, in ba haka ba ɗakin zai yi nauyi. Sun san da haka, shi ya sa suka sa tagogi masu fuskantar juna da ƙananan kafofi kusa da rufi.

Inda aikinsu ya fi ƙima a wurina shi ne farfajiya, domin ba su ɗauke ta ado da ake ƙarawa bayan an gama gini ba. Tun ranar awo suka fara da tambayar inda ruwa ke gangarawa. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita ɗaya da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wanda ke nufin rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da kusan lita 100,000 a damina guda. A yawancin gidajenmu wannan ruwa duka ana kora shi ta rariya zuwa titi, ya ci hanya, ya shiga gidan maƙwabci, sannan da rani a sayi ruwa wurin 'yan garuwa don ban ruwan fure. Su kuwa sun haɗa bakin kwanon da tanki mai murfi, abin da ya tumbatsa daga tankin da wanda ke zubowa daga indararon zaure suka bi da shi ta wata 'yar kwata da aka shimfiɗe da tsakuwa zuwa ramuka marasa zurfi masu siffar rabin wata, nesa da bango, kowane rami da itace a bakinsa. Ramin da aka haƙa ƙasar gini ma ba su bar shi kududdufi ba, sun cike shi da ɓaraguzai da tsakuwa da taki ya zama wurin da ruwa ke nutsewa. Na yi fargabar sauro, amma ruwan yana shanyewa cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali ƙwan sauro yana buƙatar kusan mako guda a ruwa kafin ya zama mai tashi. Ruwan alwala da na wanke hannu an ba shi hanyarsa dabam zuwa gindin ayaba da lemun tsami, na bayan gida kuma bai haɗu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Zaɓin itatuwan ma da hujja aka yi shi. Na nemi darbejiya saboda saurin inuwarta, ƙanwar ta yarda da guda ɗaya kawai, can bakin katanga, domin saiwarta tana neman danshi tana iya ɗaga daɓe da harsashi. Itacen turare ta ƙi shi gaba ɗaya saboda yawan shan ruwansa. A madadinsu ta dasa tsamiya a yamma don ta tare ranar la'asar idan ta girma, zogale da lalle a matsayin shinge, magarya a inda ƙasa ta fi tsauri, sai ciyawar jema a gefen kwatar don saiwarta ta riƙe ƙasa. Wani ɗan gawo da ya tsiro da kansa a kusurwar filin, wanda leburori suka so sarewa, ta hana a taɓa shi, ta sassabe masa rassa ta bar guda mai ƙarfi. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya hana shuka rana kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Wannan dabara ta renon abin da ya tsiro da kansa ita ce manoman Maraɗi da Damagaram suka bi tun shekarun 1980 har itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta na gonakinsu, kuma na ji daɗin ganin an kawo ta cikin gida.

Akwai aibobi, kuma ba ƙanana ba ne. Mafi girma shi ne rashin rubutu. An yi cinikin farko da baki, aka ce a dogara da amana, kuma ban ga ha'inci ko na kwabo ba, amma da farashin azara da na jigilar dutse suka tashi sai lissafi ya canza ba tare da wata takarda da za a koma gare ta ba. Lokacin da suka ɗiba ma bai cika ba, domin idan rasuwa ko biki ya faɗo a dangi, ma'aikatan duka 'yan gida ɗaya ne, aiki yakan tsaya cak. Akwai kuma ranakun da uba da ɗa suka saɓa kan tsayin tagogi, ɗan ba ya iya musa wa mahaifinsa a gaban mutane, sai aka bar mai gida yana jiran a sasanta a cikin gida. Shingen da ya kamata ya riga dashe an yi shi a makare, awaki suka cinye wasu tsirrai, ko da yake an maye gurbinsu ba tare da an karɓi kuɗi ba. Busasshiyar ciyawar da aka rufe gindin shuke-shuke da ita kuma ta jawo gara kusa da bango, sai da aka janye ta baya.

Game da kuɗi, kada kowa ya zo da tunanin cewa ginin ƙasa na araha ne. Abin da aka rage a siminti da rodi ya tafi a ladan hannu, dutse da azara, har jimillar ta kusanci ta ginin bulo mai irin wannan girma. Ribar tana zuwa ne daga baya, a ƙarancin buƙatar fanka da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarancin sayen ruwa. Ga wanda ya damu da muhalli akwai ƙarin dalili, domin sarrafa siminti yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa.

Ginin ƙasa yana son kulawa, kuma a nan ne kasancewarsu gida ɗaya ya zama alheri. Bangon zauren an yaɓe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufinsa kuma da laso, haɗin katsi, wato ragowar ramin marina, da gashin da ake kankarewa a wurin jima, da wani tsiro da ake kira dafara. Baba ya ƙi yarda a shafe tubalin da siminti, domin siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana kulle danshi a ciki har wata rana ya ɓalle da fatar bangon. Makuba tana da ɗan wari a kwanakin farko, kuma tana buƙatar sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Kafin saukar ruwa sun aiko matasa biyu suka hau rufi, suka share bakin indararo, suka toshe tsagar da hunturu ya buɗe, suka gyara zankwaye, ƙanwar kuma ta zo ta yashe kwatar ta duba itatuwa. Ɗan kwangilar da ya karɓi cikon kuɗinsa ba ya dawowa irin wannan, amma mutanen da sunan gidansu ke kan bango suna dawowa.

Ina ba da shawarar wannan gida, da ire-irensa, ga wanda zai zauna a gidan da kansa, yake da fili a kan tudu, kuma ya yarda da gyaran shekara-shekara. Ban ba da shawararsu ga mai gina gidan haya cikin gaggawa ba, ko wanda filinsa ke cikin fadama inda ruwa ke kwanciya. Wanda ya yi niyya ya same su da zarar an gama kaka, domin a buga tubali a rufe gini kafin ruwan farko, ya nemi ɗan ya rubuta masa jerin kaya da matakan biya tun kafin a haƙa harsashi, ya kuma tsaya a kan cewa shinge ya riga dashe.