Bakaniken ƙauye da injin BSA: abin da na gani a aikinsa

Babur ɗin da marigayi mahaifinmu ya bari ƙirar BSA ne, samfurin B31 mai silinda ɗaya, irin wanda aka ƙera a Birmingham ta Ingila tsakanin 1945 da 1959. Tun bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati na 1974, lokacin da Honda da Yamaha suka cika gari, aka jingine shi a rumbun da ba a amfani da shi, har fistin ya manne a cikin bulo. Makanikai biyu a cikin garin Ringim sun dube shi sun ce a sayar wa 'yan gwangwan. Daga baya aka kwatanta mini wani dattijo a wani ƙauye da ke kusa, wanda yake aiki a rumfar ƙofar gidansa, kuma yawancin abin da ake kawo masa yanzu injinan ban ruwa ne da na markaɗe.

Abin da ya fara sa na amince da shi shi ne yadda ya ƙi taɓa ko noti ɗaya da sifanonin da yaransa suke riƙe da su. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar fata mai sifanoni na awon Whitworth, ya bayyana mini cewa notunan baburan Ingila na wancan zamani ba da milimita aka auna su ba, don haka sifana mai lamba goma sha uku ko goma sha huɗu za ta zauna kamar ta yi daidai, amma da an matsa sai ta cinye kan notin. Duk notin da ya kwance sai ya jefa shi a gwangwaninsa daban, saboda zaren jikinsu ma ba irin na kasuwa ba ne, kuma idan ɗaya ya ɓace ba za a sami madadinsa a shagon kayan babur na gari ba.

Fistin da ya manne ya ɗauke shi kwana tara. Ya cika bulon da kananzir gauraye da baƙin mai, kullum da safe ya ɗora guntun icen kanya a kan fistin ya ɗan buga kaɗan, sannan ya rufe da buhu saboda ƙurar hunturu. Da na nuna gajiya sai ya ce mini, "Ɗana, ƙarfen da ya shekara arba'in yana barci ba a tashinsa da guduma." Haka kuma wajen cire boris daga kaskon injin, wanda na alminiyam ne, bai doke shi ba. Ya ɗora kaskon a kan garwashin gawayi, yana ɗiga ruwa da yatsa har ya ga ɗigon yana tsalle, sannan ya kifa shi a kan katako, boris ya faɗo da kansa, domin alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi. Ban taɓa ganin an yi wannan ba, kuma a nan ne na daina yi masa gardama.

Ba shi da injin faɗaɗa bulo, bai kuma yi da'awar yana da shi ba. Faɗin silindar na asali milimita 71 ne, kuma tsatsa ta ci shi, saboda haka ya ce in fara samo fistin da ringi masu ƙarin girma kafin a kai bulon Kano a faɗaɗa shi daidai da fistin da ke hannu. Wani ɗan'uwana ne ya aiko da su daga Ingila tare da gasket, abin da ya ci wata biyu. Bawul kuwa da hannu ya wasa su, ya zuba kananzir a kai ya bar shi tun daga azahar har la'asar don ya tabbatar ba ya tsiyaya.

Ranar da aka tayar da injin, kafin ya bari a yi murna, ya buɗe murfin tankin baƙin mai ya tsaya yana kallo. A irin wannan babur man yana zaune ne a tanki na daban, famfo ya tura shi cikin inji ya dawo da shi, kuma sai da ya ga man yana dawowa sannan ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen wuta. Babur ɗin yana amfani da maganeto na kamfanin Lucas, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, kuma dattijon ya goge shi ya saita shi, amma bai gaya mini cewa kwandansan da ke can cikinsa, wani ɗan ƙaramin kayan wuta, yana lalacewa da tsufa har ya daina aiki idan ya ji zafi ba. Da sanyin safiya bugu ɗaya yake tashi, amma ranar kasuwa, bayan na yi tafiya injin ya ɗauki zafi, na yi ta bugun kiki har gumi ya jiƙe mini riga bai ko yi tari ba, sai da na zauna a gindin darbejiya kusan awa ɗaya ya huce. Da na koma masa, sai ya ce, "Gaskiya ne, ɗana, wannan aikin masu naɗin waya ne, ba nawa ba." Na ce, "Baba, da tun farko ka faɗa, da na sa an haɗo da shi a saƙon fistin." Bai musa ba. Haka nan ba ya yanke kuɗin aiki tun farko, sai dai ya ce a bari a gani, kuma ko da yake abin da ya karɓa a ƙarshe bai yi yawa ba, mai ƙaramin ƙarfi zai so ya san inda aka dosa.

Wanda yake da tsohon BSA ko Triumph, yake kuma iya samo kayan da kansa ya jira watanni, zan tura shi wurin wannan dattijo, tare da shawarar ya cire maganeton ya kai wa mai naɗi tun ranar farko. Maganetona yana Kano yanzu, babur ɗin kuma yana zaure da faranti a ƙarƙashinsa, don har yanzu yana ɗan ɗigar da mai ta inda kaskon ya haɗu.