Abokinka ya shiga matsi yana so ya sakar maka taimshiyarsa, ka karba ko a'a?

Wani abokina da muka zo Amurka kusan lokaci guda ya kira ni bayan isha'i, muryarsa duk ta canza, wata uku kenan aikinsa ya tsaya. Yace "dan uwa don Allah ka karbi satin nan nawa na Olando, kyauta na baka ko sisi bana so, ni dai a cire sunana." Na san wurin, wani masauki ne a birnin Olando na jihar Fulorida, mun taba sauka da iyali, daki biyu da falo da kicin, yara suna wuni a wurin ninkaya sai an jawo su da kyar. Gaskiya raina ya biya, ga tausayinsa kuma. Amma nace ya fara turo min takardun tukuna.

Ga wanda bai san abin ba, taimshiya shine ka sayi hakkin zama a wani masauki na sati daya ko fiye duk shekara, kai da wasu mutane kuna karba-karba a daki daya. Ko a Makka an taba sayar da makamancin haka a hasumiyar Zamzam na tsawon shekara 24. A Amurka wani da takardar mallaka yake zuwa kamar ka sayi fili, wani hakkin amfani ne na wasu shekaru ya kare (na kamfanin Disney a masaukansu na BoardWalk da Beach Club misali 2042 zai kare), wani kuma maki ake baka kana kashewa wajen kama daki. To duk wanda ka rike akwai kudin kula da gini da ake biya duk shekara, kaje ko baka je ba, galibi ya haura dala 1,000 kuma kusan kullum karuwa yake. Idan guguwa ta yaye rufi a Fulorida ko aka tashi babban gyara sai a yanko wa kowa karin kudi daban. Abin da ya danne abokinka kenan, kuma ranar da ka sa hannu kanka zai dawo.

Mu fara da karbar gaba daya tunda ita ce ke fara zuwa a rai. Kafin komai tambaye shi, ya gama biyan bashin sayen? Yawancin mutane da bashin kamfanin suke saye, ruwan da ke kai sau da yawa ya wuce kashi 10 cikin dari nesa ba kusa ba, kuma muddin akwai saura ba a cika yarda a canza suna ba sai an biya. Idan da bashi ni shawarata ka tsaya nan, balle mu da muke gudun riba, ba dalili ka je ka dauko wadda wani ya daura. Idan babu, sai a nemi takardar da suke kira estofel daga masu kula da wurin, ita zata nuna nawa ake binsa, kudin bana nawa ne, akwai tara ko karin kudin gyara da ke tafe. Kar ka tsaya a kan "ai na biya na bara", ba wai karya zai maka ba, mutumin da ke cikin matsi ba ya bude duk wasikun da ke zuwa masa. Na abokina da ta fito akwai kudin shekara guda da tarar jinkiri wanda shi kansa bai san ya kai haka ba.

Sannan canjin sunan ba a falo ake yinsa da shaidu biyu ba. Ana rubuta sabuwar takardar mallaka a kai ofishin rajista na gundumar da ginin yake, a kuma sanar da kamfanin su canza a littafinsu, in ba haka ba bil zai cigaba da zuwa da sunansa, kai kuma kaje kama daki ace ba a sanka ba. Akwai kamfanonin da wannan ne aikinsu, dala 'yan daruruwa suke karba, wani masaukin ma yana da nasa kudin canjin suna. In sayarwa ce, kamfanoni irinsu Disney da Marriott a wurare da dama suna da hakkin su riga ka saye a farashin da kuka yanka. Kuma na hannu na biyu ba ya samun duk gatan na farko, tun Janairun 2019 wanda ya sayi makin Disney a hannun wani ba zai kama daki da su a masaukinsu na Riviera ba, sai in makin na Riviera din ne. Ka tambaya a rubuce me zai bi ka me ba zai bi ka ba.

Ka leka shafukan saye da sayarwa na intanet irinsu eBay ko RedWeek ka nemi sunan masaukin. Zaka ga satuttuka ana tallansu dala 1, wasu ma mai shi ne zai biya kudin canjin sunan. Wannan kadai zai gaya maka darajar kyautar. Akwai masu rike kudinsu kam, Disney da wasu na Marriott da Hilton a wuri mai kyau da lokaci mai kyau, in nasa irin wannan ne to ya sayar kawai ya samu na cefane, ya fi masa amfani da ya baka kyauta.

Hanyar da na fi so, kuma mutane basu cika tuna ta ba, ka yi hayar satin a hannunsa. Ka biya masa kudin bana, ya kama dakin ya sa sunanka a matsayin bako, ka kai iyalinka hutu, shi ya samu numfashi na shekara guda kai kuma ba abin da ya hau wuyanka. A ce kudin dala 1,200 ne, raba shi kwana bakwai ka kwatanta da otal mai daki biyu a unguwar a satin, nan take zaka san ko da riba. Sai dai a duba ka'idar wurin, wasu suna karbar kudin takardar bako, kuma satin da aka samo ta musaya a RCI ko Interval (kamfanonin musayar satuttuka tsakanin masaukai) ba a yarda a bada shi haya ba.

A cikin wannan shekarar sai ya buga wa kamfanin da kansa ya tambayi shirin maida musu kayansu. Manyan da yawa suna da shi, Wyndham da Marriott duk suna yi, wani kyauta wani da dan kudi. Sharadin kusan daya ne, babu bashin saye, babu kudin shekara da ake binka. Kaga anan taimakonka ke da amfani na gaske, ka share masa abin da ake binsa don kofar ta bude. Ba dole su karba ba, amma waya ce kawai, kuma ya gaya musu halin da yake ciki ba kunya.

Masu kira a waya suna cewa muna da mai saye a hannu ko zamu fitar da kai ka fara turo dala dubu kaza, wallahi ku guje su. Hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta dade tana gargadi a kansu, kuma masu rauni irin abokinka suke farauta. Wasunsu har cewa suke ka daina biya, alhali daina biya na nufin masu karbar bashi su taso ka, a kwace satin, kiredit dinka, wato tarihin biyan bashinka, ya lalace na shekaru, a kasar da ko hayar gida sai an duba shi.

Yaushe zan ce ka karba? Idan babu bashi, estofel ta fito fes, wurin kana zuwansa duk shekara dama, kana iya tsara hutunka wata tara ko goma kafin lokaci, kuma kudin shekarar ko ya ninka ba zai taba abincin gidanka ko abin da kake turawa gida ba. Ka kuma yi shawara da uwargida ko maigida, don taimshiya mai takardar mallaka yana iya shiga cikin gado.

Ni dai na biya masa na bana da tarar, muka je a watan Yuli, shi kuma ya cike fom din maida musu, yana jiran amsa.