Gargaɗi: a kula da masu sayar da jabun fad ɗin burki da "maganin ƙara"

Jama'a, musamman masu mota da direbobin haya, ga abin da ya same ni, don kada ya sami wani.

Makonni uku da suka wuce na ga tallar fad ɗin burki a wani zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu a nan Kano. Kwali mai kyau, da sitika mai ƙyalli, kuɗin kuma bai kai rabin na shago ba. Na saya wa Corolla ɗina na ƙafafun gaba. Mai kayan ya turo yaronsa ya ɗaura min a ƙofar gida, cikin minti ashirin ya gama.

Washegari burki ya fara kuka, irin siririyar ƙarar nan mai shiga haƙori. Na kira mai kayan, ya ce, "Alhaji, ai sabo ne, zai zauna." Bayan kwana huɗu ƙara sai ƙaruwa take. Sai ga shi da wata 'yar kwalba marar suna, wai maganin ƙarar burki ne, a fesa a fuskar diski, wato faifan ƙarfen da fad ke matsewa. Na biya, aka fesa, ƙara ta ɗauke. Da yammar ranar, a bakin danja, na taka burki mota ta ƙi tsayawa. Saura ƙiris in shige bayan wata adaidaita sahu cike da mata da yara. Allah ne kawai ya tsare. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Da safe na sa aka ja motar zuwa wajen makanikena na da. Da ya kwance, ya miƙo min fad ɗin a hannu. Ƙarfen bayansa tsoho ne, an fesa masa baƙin fenti, da ya kankara da sukundireba sai ga tsatsa. Abin da aka liƙa a kai kuwa da farce ake ɓantararsa, gefe ɗaya har ya fara rabuwa da ƙarfen. Babu shim, wato siririn farantin da ke bayan fad. Ya shinshina kwalbar, ya ce baƙin mai ne da kananzir.

Duk wanda ya ce a sa wani abu mai maiƙo a fuskar fad ko diski, ko dai bai san aikin ba, ko bai damu da ranka ba. Burki da gogayya yake kamawa. Mai ya kashe gogayyar, shi ya sa ƙarar ta tafi, kamun ma ya tafi tare da ita. Fad ɗin da ya sha mai kuwa ba ya wankuwa, sai dai a jefar.

Ƙarar ita kanta girgiza ce tsakanin fad da diski da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski, kuma tun wajen ɗauri ake maganinta. Na tsaya a kan makanikena na ga yadda ya ɗaura sabon fad. Ya goge tsatsar mazaunin fad da burushin waya, ya zare fil biyun da kalifa ke zamewa a kansu, waɗanda yaron can ya bari a bushe, ya wanke su ya sa musu girishinsu. Sannan ya ɗan shafa girishin burki mai jure zafi a bayan fad da kunnuwansa kawai. Ya sa shim, ya wanke diski tas, ya duba kaurinsa, domin akwai mafi ƙarancin kauri da ake rubutawa a jikinsa. Daga nan muka hau titin da babu cunkoso, ya riƙa kai motar gudun kilomita 60 a awa yana saukowa zuwa kamar 10 ba tare da ya tsaya cak ba, wajen sau goma, sannan ya bar burkin ya huce muna tafe. Tun ranar ban sake jin kuka ba.

'Yar ƙarar safe bayan ruwan sama, ko ta ƙurar hunturu, takan wuce da an taka sau biyu ko uku. Wadda ta ƙi wucewa ita ce abin dubawa. A tsohon fad ma akwai ɗan ƙarfen da aka sa da gangan ya yi kuka idan kauri ya sauko kusan milimita 2 zuwa 3.

Mai kayan yanzu ya toshe lambata, amma na ji yana ci gaba da talla a wasu zaurukan. Ina shirin kai fad ɗin da kwalbar ofishin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Wanda ya san an fesa masa wannan abu, don Allah ya ajiye motar yau, a canza fad a wanke diski kafin ya sake ɗaukar kowa a ciki.