Zaman koyon magana bayan shanyewar ɓarin jiki: yadda na ga aikin Malama

Mahaifina yana zuwa wurin wata ƙwararriyar koyar da magana tun bayan da ɓarin damansa ya shanye. Lahanin a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yake, inda cibiyar maganar yawancin mutane take, shi ya sa magana ta sarƙe masa. Likitoci suka ce afasiya ce, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama yana fama da ita.

Abin da ya sa na yarda da Malama shi ne da Baba take magana, ba da ni ba. Masu zuwa dubiya sai su tsallake shi su tambaye ni, "Ya mai jiki?" yana zaune yana jinsu. Ita kuwa sai ta matso da kujera ta ce, "Baba, nuna mini abin da kake so." Ta yi mana bayani cewa irin tasa ita ce wadda likita Paul Broca ya bayyana a Faransa a 1861: hankali yana nan daram, mutum ya san abin da zai faɗa, kalmar ce ke ƙin fita.

Inda ta fi burge ni shi ne rera magana. Takan riƙe hannunsa na hagu tana ɗan bubbuga shi gaɓa-gaɓa, su rera "i-na son ru-wa" tare, sannan ta janye muryarta a hankali ta bar shi ya ƙarasa. A Boston ta Amurka aka fito da wannan hanya a 1973. Mutumin da sunana ya gagare shi, ga shi yana fitar da jimla sukutum. Wallahi ban iya riƙe hawaye ba.

Mu ma ba ta ƙyale mu ba. Ta hana ƙarasa masa magana, ta hana ɗaga murya, don ba kurma ba ne. A kashe talabijin, mutum ɗaya ya yi magana, tambaya ta zama ta e ko a'a, a kuma jira shi komai daɗewa.

Akwai gyara. Katunan hotunanta da darussan wayar duk da Turanci suke, Baba kuwa da Hausa yake tunani. Sai da muka ɗauki hotunan jikokinsa, hularsa da rediyonsa muka haɗa namu. Lokacin zaman ma gajere ne, kuma ban ga ta ba damuwar da ke cin ransa muhimmancin da ya kamata ba, alhali ranar da ransa ya ɓaci ko kalma ɗaya ba ya gwadawa.

Ba ta taɓa yi mana alkawarin zai koma kamar da ba. Ta ce sauƙi ya fi saurin zuwa a watannin farko, amma ana ci gaba da samunsa har shekaru. Duk mai irin wannan majinyaci, ina ba shi shawara ya nemi wannan hidima da wuri, ya tambaya ko malamin yana jin harshen majinyacin, kuma wanda ke kwana da shi a gida ya riƙa shiga zaman.