Karɓar tallafin marayu ta intanet: abin da na gani bayan azumi biyu da Paystack

Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya da ke kula da marayu a Gwammaja, Kano. Da can aikinmu da littafi da biro ne: bayan sallar Juma'a a zagaya, 'yan kasuwar Kwari su bayar, a ƙirga a gaban mutum uku, a rubuta. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ne ya karya wannan tsarin. Wanda ke da niyyar bayarwa ba shi da tsaba a hannu, sai muka buga lambar asusun ƙungiya a shafinmu na intanet da kuma WhatsApp.

Kuɗi sun shigo, alhamdu lillahi, amma barci ya gagare ni. Alat ya faɗo da sunan wani kamfani, ban san ko zakka ce ba, ko ciyarwa, ko kuɗin makarantar wani yaro. Wata Hajiya ta kira ni ta ce, "Malam, na turo na kayan sallar yara, ka gani?" Na shafe kusan awa ina laluben nata a cikin saƙonnin banki. Dukiyar maraya ba abin da za a riƙe da "ina jin" ba ce.

Don haka muka nemi kamfanin da ke karɓar biyan kuɗi ta intanet, muka fara gwada wani da ba zan ambaci sunansa ba. Ana saura kwana biyar a ɗauki azumi suka riƙe mana kuɗi wai suna bincike, ga shi mun riga mun yi ciniki da mai gero a Dawanau. Ba mai ɗaga waya, sai saƙon na'ura. Wani dattijo cikinmu ne ya ranta mana muka fita kunya. Daga ranar na daina fara tambayar nawa za a cire, tambayata ta farko ita ce yaushe kuɗin za su sauka, kuma wa zan kama idan ba su sauka ba.

'Yan'uwanmu na Ingila sun ba da shawarar PayPal, to amma tun da ya shigo Najeriya a 2014 an daɗe ana iya biya ne kawai da asusun nan, ba a karɓa. Mun duba Flutterwave da Monnify na Moniepoint, dukansu suna aiki a nan, sai dai ɗalibin Jami'ar Bayero da ke kula mana da shafin ya fi sanin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. A kansa muka tsaya.

Rajistar ta nemi takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da asusun banki mai sunan ƙungiya, da shaidar amintattu. Wasu cikinmu sun ga abin da wahala. Ni kuwa nan ne ya fara burge ni, domin ko sisi ba ya bi ta asusun mutum ɗaya, balle gobe a ce ma'aji ya haɗa nasa da na marayu. Duk ƙungiyar da ba ta kammala rajistarta ba, da takardar SCUML (sashen da ke yaƙi da halasta kuɗin haram) da bankuna ke nema, ta fara da wannan kafin maganar shafi.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ana iya buɗe shafin biya daban-daban ba tare da an iya rubuta manhaja ba. Muka yi na zakka, na ciyarwar azumi, na kuɗin makaranta. Kowane biya yana zuwa da suna da rana da dalili, rasit kuma ya tafi wa mai bayarwa ta imel. Ranar aiki ta gaba kuɗin suna cikin asusunmu. A lura dai, abin da aka bayar daren Juma'a sai Litinin, kuma hutun sallah ma haka, don haka sayayyar goman ƙarshe mukan shirya ta da wuri.

Mutanenmu ba sa son sa lambar kati a intanet, kuma ban ga laifinsu ba, an sha damfara. Na ga wannan da idona a shagon wani Alhaji mai atamfa a Kwari. Na buɗe masa shafin, yana ganin wurin lambar kati ya turo mini wayar ya ce, "A'a, ɗana, wannan ban da ni." Na nuna masa zaɓin tiransifa, lambar asusu ta fito, ya tura daga manhajar bankinsa kamar yadda yake biyan dila, kafin ya ajiye wayar shafin ya nuna an karɓa. Mai ƙaramar waya ma akwai USSD, wato lambobin nan masu * da # da ake dannawa. Da kati kaɗai tsarin yake karɓa, da yawancin masu ba mu sun juya.

Sai maganar caji. A kuɗin da aka biya daga cikin Najeriya ana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100, ba a ɗora ɗarin idan kuɗin bai kai ₦2,500 ba, kuma komai yawansu cajin ba ya wuce ₦2,000. Wato a ₦10,000 za a cire ₦250, a rabin miliyan ₦2,000 kacal. Da na zauna da kalkuleta sai na ga wanda ya ba da ₦2,400 nasa ya fi isowa da kauri a kan wanda ya ba da ₦2,500, shi ya sa a maɓallan zaɓen adadi da ke shafinmu daga ₦2,000 sai ₦5,000. Katin ƙasar waje kuwa kashi 3.9 ne da ₦100, yana da ɗan ciwo, amma ya fi jiran mai dawowa daga Umara ya taho da saƙo.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne zakka. Mutum ya fitar da ₦100,000 cif, an cire ₦1,600 a hanya, hakkin wa ya ragu? Na kai wa limaminmu tambayar. Ya ce, "Malam ma'aji, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ta isa hannun mai ita a cike." Yanzu a shafin zakka muna rubuta cajin ɓaro-ɓaro mai bayarwa ya ɗora a kai, wanda ya manta kuma mu cike daga kuɗin wata-wata na mambobi.

Abu ɗaya nake fata su gyara: shafin biyan da Turanci yake. Iyayenmu mata da yawa sai an tsaya a kansu. Kafin azumin bana mun ɗauki gajeren bidiyo da Hausa muna nuna inda ake dannawa, muka raba a zaurukan WhatsApp na unguwa, kuma Hajiyar nan ta kayan sallah da kanta ta biya, ta turo mini hoton rasit ɗinta.