Kantin Bayan Masallacin Azhar da Na Sayi Littattafan Shaihu Muhammad Abduh

A lungun da ake kira Darbul Atrak, bayan masallacin Azhar a birnin Alƙahira, kantunan littattafai a jere suke, kuma ɗalibanmu da ke karatu a can sun san su ciki da bai. Ɗaya daga cikinsu ne ya raka ni wani ɗan ƙaramin kanti lokacin da nake neman rubuce-rubucen Shaihu Muhammad Abduh, malamin Masar da aka haifa a 1849, wanda ya riƙe muƙamin muftin ƙasar tun daga 1899 har Allah ya karɓi ransa a Iskandariya a 1905.

Darajar kantin tana ga mai shi, dattijon da ya karanta abin da yake sayarwa. Da na nemi Tafsirin Manar da sunan tafsirin Abduh, sai ya bayyana mini cewa darussan da Shaihun ya gabatar a Azhar sun tsaya ne a cikin Suratun Nisa'i, kuma ko su ɗin ma da alƙalamin almajirinsa Rashid Rida aka rubuta su, sauran kuwa har zuwa Suratu Yusuf aikin Rida ne shi kaɗai. Wannan bambanci yana da nauyi a wurina, domin bayan rasuwar malaminsa Rida ya ƙara karkata zuwa ga hadisi da tafarkin Ibn Taimiyya, ga shi kuma sau da yawa a majalisunmu ana jingina wa Abduh maganar da ba tasa ba, ko don a yabe shi ko don a kushe shi.

Shawarar da ya ba ni ita ce in fara da Risalatut Tauhid, littafi marar kauri da ya samo asali daga darussan da Shaihun ya koyar a Bairut, bayan an kore shi daga Masar saboda boren da hafsan soja Ahmad Urabi ya jagoranta a 1882. A cikinsa ne mai karatu zai tarar da jigon tunaninsa, wato hankali lafiyayye ba ya karo da wahayi, kuma bin magabata ido rufe na cikin abubuwan da suka durƙusar da Musulmi. Wanda ya san cewa Abduh yana yaro ya gudu daga karatu a masallacin Ahmadi da ke garin Tanta a Masar saboda haddar nahawu ba tare da fahimta ba, har sai da wani kakansa sufi, Shaihu Darwish, ya dawo masa da son ilimi, zai gane dalilin zafinsa a kan gyaran tsarin koyarwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dattijon bai ɓoye masu sukar Shaihun ba. Da kansa ya ɗauko mini raddin da Shaihu Mustafa Sabri, tsohon Shaihul Islam na daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya yi wa Abduh, sannan ya buɗe mini tafsirin Juzu'in Amma inda Abduh ya ce mai yiwuwa ne tsuntsayen Ababil su kasance wani jinsin sauro ko ƙuda mai ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ni kam wannan tawili bai kwanta mini ba, amma na fi son in ƙi shi bayan na karanta shi daga bakin mai shi, ba daga bakin abokan adawarsa ba.

Kantin yana da nasa rauni. Wurin a cunkushe yake, babu jerin sunayen littattafai, komai yana kan dattijon, saboda haka idan ba ya nan yaran kantin ba sa iya taimakawa sosai. Tarin maƙalun jaridar Urwatul Wusƙa, wadda Abduh da malaminsa Jamaluddin Afgani suka fitar a babban birnin Faransa a 1884 har fitowa 18, bugu mai araha na saya, sai na tarar tawadar ta kwanta kuma wasu shafuka sun ɓace. Washegari ya musanya mini ba tare da musu ba, amma ya kamata mai saye ya duba shafukan kafin ya biya. Ba sa aika kaya zuwa ƙasashen waje, kuma Manar kaɗai mujalladi 12 ne, don haka wanda zai dawo ta jirgin sama sai ya lissafa nauyin kayansa tun kafin ya shiga ciniki.