Dashen haƙori na titaniyam: wace fuskar ƙarfe ce ta cancanci kuɗinka?

A ido, ƙusoshin dashen haƙori duk kamarsu ɗaya, amma jiki yana bambance su. Da zarar an ɗaura ƙusar a ƙashin muƙamuƙi, furotin na jini ke manne mata, sannan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofaj su iso. Kwanakin farko suna cikin yanayin faɗa, wato M1, suna hura kumburi. Abin da ake so shi ne su juya da wuri zuwa yanayin gyara, wato M2, su saki sinadarin IL-10 mai kwantar da kumburi, kumburi ya lafa, sinadarin VEGF kuma ya jawo sababbin ƙananan jijiyoyin jini. In jijiyoyin ba su zo ba, ƙashi ba zai tsiro ba. Wani nama mai zare-zare ne zai naɗe ƙusar, ta riƙa girgiɗi.

Fuska mai santsi, irin wadda likita Brånemark ya fara dasa wa mutum a Suwidin a 1965, tana da sauƙin tsaftacewa, sai dai jiran ƙashi ya kama ta wata 3 zuwa 6 ne.

Mafi yawan na kasuwa yanzu masu matsakaicin kaushi ne, maikuromita 1 zuwa 2 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Akwai SLA na kamfanin Straumann, da ake fesa wa tsakuwa mai kaifi a kuma wanke da asid. Akwai TiUnite na kamfanin Nobel Biocare, da ake kaurara fatarsa da lantarki. Ga mai lafiya da ƙashi mai ƙwari, waɗannan sun wadatar, kuma suna da tarihin shekaru fiye da 20 a bakin mutane.

Inda ƙarin kuɗi ke da hujja shi ne fuska mai jan ruwa, kamar SLActive ta Straumann, wadda ke zuwa a jiƙe cikin ruwan gishiri don kada dattin iska ya lulluɓe ta. Jini na bazuwa a kanta nan take, kuma gwaje-gwaje sun nuna makurofaj na karkata zuwa M2 a kanta. Kamfanin na cewa jira na sauka daga mako 6 zuwa 8 ya koma 3 zuwa 4. Mai ciwon suga ko mai ƙashi marar ƙwari, wanda jijiyoyinsa ke jinkirin warkewa, shi ya fi dacewa da ita. Kada a buɗe kwalbar sai lokacin dasawa.

Fuska mai ƙananan bututun nano kuwa, a yi hattara. Faɗin bututun ne ke yanke hukunci: kusan nanomita 15 zuwa 30 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita) na taimaka wa ƙwayoyin jiki su kama, na kusan 100 ya rage kamun a wasu gwaje-gwajen. Yawancin shaidar daga ɗakin gwaji da dabbobi take, kuma fatar bututun na iya ɓarewa wajen murza ƙusar cikin ƙashi mai tauri. Ka nemi dillali ya nuna maka sakamakon shekara 5 a jikin mutane, da ma'aunin kaushin a rubuce.

Duba wuyan ƙusar ma. In kaushi ya fito saman dasashi, ƙwayoyin cuta na maƙalewa, ƙashin da ke kewaye ya fara zaizayewa. Wajen huda kuma, in zafin ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti 1, ƙashin da jijiyoyinsa na mutuwa, don haka ruwan sanyaya ya riƙa zuba ba yankewa.